Tayil Dubu Shida da Suka Ɓace

Ranar da Auta ta faɗa a gida cewa ilimin akanta za ta karanta a jami'a, babban yayanta mai gyaran firiji ya yi dariya har ya ajiye cokali.

"Wato shekara huɗu za ki yi kina koyon ƙirga kuɗin mutane, ke kuwa aljihunki ko sisi babu?"

Mahaifiyarsu tela ce. Ba ta ɗago daga kan keke ba ta ce a ƙyale mata 'yarta, ai tun Auta tana firamare ita take kama mai kawo musu yadi idan ya yi coge a awo.

Auta ta shiga jami'a da zaton tarawa da ɗebewa za ta yi ta yi, abin da ta iya tun tana ƙarama. Sai ta tarar da dokar haraji, da tattalin arziki, da dokar kamfanoni, da wani malami da ɗalibai suka laƙaba wa Sifili saboda makin da ya fi son bayarwa. A shekararta ta biyu ta kai masa aiki wanda shafukansa biyu suka daidaita tsaf, tana jiran yabo. Ya ɗora yatsa a kan wata lamba.

"Wannan dubu ukun daga ina kika samo ta?"

"Daga littafin kamfanin, Malam."

"Shi littafin daga ina ya samo ta?"

Ya zana mata sifili ƙato, ya miƙo mata takardarta. Ta yi kuka ranar a bayan ɗakin karatu, amma daga nan ba ta ƙara yarda da lamba ba sai ta ga rasit ɗin da ya haife ta.

Da aka gama, kowa ya kama gabansa. Ƙawarta ta ɗaki ta samu banki, wani ɗan ajinsu ya shiga ofishin haraji, wata ta koma riƙe littattafan wani asibiti, wanda ya fi kowa maki kuma jami'a ta riƙe shi ya koyar. Auta ta yi wata tara a gida tana aika takardun neman aiki, tana rubuta wa mahaifiyarta kuɗin zare da na maɓalli. A wata na goma wani ƙaramin ofishin masu binciken kuɗi ya kira ta. Ofishin yana hawa na biyu, saman wani kantin magani: tebur shida, fanka mai ƙara, da wata shugaba mai furfura da kowa ke kira Madam, wadda ba ta maimaita magana sau biyu.

Wata huɗu Auta ta yi tana jera rasit da buga takardu. Wata safiyar Litinin Madam ta kira ta, ta tura mata fayil.

"Wani mai sayar da tayil ne. Kwamfutarsa ta ce akwai farin tayil dubu bakwai a sito, an ƙirga an ga dubu ɗaya. Ya ce mai sitonsa ne ya sace dubu shida. Yana son rahotonmu kafin Juma'a ya kai wa 'yan sanda. Kowa yana da aiki a hannu, ke za ki je. Ki ƙirga, ki rubuta abin da kika gani."

Siton dogon gini ne na kwano a bayan shagon, zafi kamar tanda, kwalaye jere har kusa da rufi. A bakin ƙofa, kan wani benci, wani dattijo yana zaune da hannuwa a tsakanin gwiwoyi. Shi ne mai siton. An karɓe masa makullai tun mako biyu, amma kullum sai ya zo ya zauna, don kada a ce ya gudu.

Auta ta russuna ta gaishe shi. Ya dube ta, ya dubi fayil ɗin hannunta.

"Ke ce za ki rubuta takardar?"

"Ni ce, Baba."

"To, 'yata, ki rubuta abin da Allah ya nuna miki. Shekara goma sha tara ina riƙe da ƙofar nan. Ko fasasshen tayil ban taɓa kai wa gidana ba."

Mai kamfanin ya fito daga ofis yana share gumi. Mutum ne mai faɗa da sauri, kuma ganin yarinya aka turo masa bai yi masa daɗi ba.

"Madam ɗinku ba ta da manya ne? Aikin ba shi da wahala dai. Ga kwamfuta, ga sito. Ki sa hannu mu wuce wurin."

"Zan duba, yallaɓai," in ji Auta.

Ranar farko ta ƙirga. Dubu ɗaya ne, babu ƙari babu ragi. Rana ta biyu ta zauna da akawun shagon, suka bi rasit ɗin ciniki ɗaya bayan ɗaya, na wata goma sha huɗu. Shagon da ɗai-ɗai yake sayar da tayil, ba da kwali ba: mai gini ya ce guda ɗari biyu yake so, a rubuta ɗari biyu, a loda masa ɗari biyu. Duk abin da aka rubuta ya fita, ya fita. Ta duba takardun mai gadi na motocin da suka shiga suka fita, su ma sun yi daidai. Da yamma ta koma gida jikinta a sanyaye, domin duk hanyar da ta bi, kan dattijon nan take ƙarewa.

Ranar Laraba ta juya ga kayan da suka shigo. Takardun masana'anta sun ce kwali dubu uku aka kawo a wannan lokacin, mai sito kuma ya sa hannu a kan kwali dubu uku. Kwamfuta ta rubuta tayil dubu talatin da shida. Auta ta raba a gefen takarda: goma sha biyu a kowane kwali. Ta tambayi akawu wa ya ce sha biyu ne.

"Haka yake a ciki tun kafin in zo," in ji shi. "Ni yawan kwali kawai nake bugawa, ita take lissafa sauran."

Ta tashi ta nufi sito. Ta roƙi wani lebura ya sauko mata da kwali ɗaya na farin tayil, ta ari wuƙarsa ta yanke igiyar. Ta ƙirga da yatsa. Goma. Ta sa aka sauko da wani daga can ƙarshen layi, shi ma goma. Ta buɗe na uku, shi ma goma ne.

Ta fito wurin dattijon.

"Baba, farin tayil ɗin nan guda nawa ne a kwali?"

"Goma."

"Tun yaushe?"

"Tun da maigida ya canza masana'anta, bara. Na da sha biyu ne, sirara. Waɗannan sun fi kauri, goma suke zuwa."

"Ka faɗa wa ofis?"

"Wa ya tambaye ni? Ni kwali nake karɓa, kwali nake sa wa hannu. Abin da ke cikin injinsu ban taɓa gani ba."

Auta ta zauna a ƙarshen bencin, ta ɗora fayil a cinya. Kwali dubu uku, kowanne kwamfuta ta ƙara masa biyu da babu su. Dubu shida cif. Ta sake lissafawa, duk da ta san babu abin da zai canza. Sannan ta nemo takardar farko da sabuwar masana'antar ta aiko, ta ga a ƙasa da ƙananan haruffa an rubuta guda goma a kwali. Ta ɗauki hotonta da wayarta, ta kira Madam.

Madam ta saurara har ƙarshe ba ta katse ta ba. "Kwali nawa kika buɗe?"

"Uku, ranki ya daɗe."

"Ki buɗe ashirin, daga layi daban-daban, akawu yana tsaye ya sa hannu. Gobe da safe zan zo. Ke za ki yi bayani."

Washegari suka taru a ofishin mai kamfanin. Auta ta sa aka shigo da kwali ɗaya aka ajiye a kan teburinsa, ta roƙe shi ya buɗe da hannunsa. Ya ƙirga, ya sake ƙirgawa. Ta ajiye masa takardar masana'anta kusa da abin da kwamfuta ta buga, ta bi da shi layi-layi, muryarta tana ƙara zama daidai tana tafiya.

"Tayil dubu shidan nan ba su taɓa shigowa siton ba, yallaɓai, balle a sace su. Akwai kuma abu na biyu. Farashin da kuke sayar da guda ɗaya, a kan sha biyu aka yanke shi. Wata goma sha huɗu ke nan kuna sayar da farin tayil kusan babu riba."

Mai kamfanin ya yi tsuru-tsuru. Ya cire tabarau ya mayar. Ya ja aljihun tebur, ya ɗauko tarin makullai, ya riƙe su a hannu.

"Ni da bakina na kira shi ɓarawo a gaban leburori," ya ce a hankali.

"To a gabansu ya kamata ka gyara," in ji Madam.

Haka kuwa aka yi. Ya tara duk ma'aikatan a ƙofar sito, ya faɗi abin da aka gano, ya nemi gafarar dattijon, ya ce za a biya shi albashin da aka riƙe har da ƙari. Dattijon ya karɓi makullan da hannu biyu. Bai yi dogon jawabi ba. Ya buɗe ƙofar, ya leƙa ciki, ya ce wa leburorin wa ya jera kwalayen can a karkace haka, maza a gyara. Sai da kowa ya watse ya juyo wurin Auta, idanunsa sun cicciko.

"Mahaifanki suna da rai?"

"Mahaifiyata tana nan, Baba."

"Ki ce mata wani tsoho ya gode. Allah ya yi miki albarka."

Kafin su tafi mai kamfanin ya biyo su har mota, yana cewa a bar masa yarinyar nan ta riƙe masa littattafai, zai ninka mata abin da take karɓa. Madam ta dubi Auta, ta bar mata amsar. Auta ta yi masa godiya, ta ce tana da jarrabawar ƙwararrun akantoci a gabanta, kuma binciken ne take so ta ƙware a kai, amma za ta zo ta gyara musu kwamfutar ta koya wa akawu yadda zai riƙa dubawa.

A hanya Madam tana tuƙi har suka wuce shataletale biyu. Sai ta miƙa hannu kujerar baya, ta jawo wani fayil mai kauri ta ɗora wa Auta a cinya.

"Kamfanin sufuri ne, motoci arba'in. Litinin za ki fara, mutum biyu za su bi ki. Kuɗin jarrabawar taki ofis zai biya. Rahoton tayil kuma ina son ganinsa kafin azahar, da sunanki a ƙasa."

Auta ta buɗe fayil ɗin tun a motar, ta fara karanta shafin farko.