Masu Cin Abincin Baba

Wata abokiyar aikin Auta a kantin magani ce ta ba ta tsutsotsin, cikin gwangwanin madara, ba su fi cikin tafi biyu ba. Jajaye ne sirara, 'yan uwan tana, ba su da sana'a sai cin ɓawon dankali da ganyen shayi suna mayar da su baƙin taki. Auta a hawa na uku take zaune. Ba ta da ko taku ɗaya na ƙasa sai tukwanen tumatir huɗu a baranda, ga shi ta gaji da sauka da ledar shara mai yoyo kowace safiya.

Lokacin mahaifinta ya yi wata biyu a wurinta. Tun da ya zame a banɗaki ya karya ƙugu, yayanta ya ce Baba ya gama zaman kaɗaici. Gidan Yaya kuwa ko allura ba ta da wurin faɗuwa saboda yara, sai aka gyara wa Baba ɗakin da Auta ke guga. Baba kafinta ne na shekara arba'in da ɗoriya, hannunsa bai iya zaman banza ba. Da ya ga tana kokawar huda murfin robar da za ta zuba tsutsotsin da wuƙa, ya ce, "Kawo nan kafin ki huda kanki."

Ya gasa ƙusa a wuta ya jera huji layi-layi kamar da ma'auni. Suka yayyaga kwali da tsohuwar jarida, suka jiƙa, suka matse, suka shimfiɗa a ciki, sannan ta juye gwangwanin. Kafin ta ɗauraye hannu duk sun nutse, don ba sa ƙaunar haske.

"Ban da gishiri, ban da mai, ban da nama, ban da dafaffen abu," in ji Auta. "Haka aka gaya mini."

"Ashe su ma likita ya gan su," in ji Baba.

Aka tura robar cikin kabad ɗin da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Auta kan fita ƙarfe takwas ta dawo biyar, ta bar masa abincin rana a kula. Kullum ta dawo sai ta tarar da kular a wanke, an kife ta. Har waya ta yi wa Yaya tana murna cewa bakin Baba ya buɗe.

Sai dai jikin bai nuna ba. Agogonsa da ke kama tsintsiyar hannu ya fara zamewa har kusa da gwiwar hannu. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ta kai shi asibiti, aka ɗebi jini, aka yi hoto, ba a ga komai ba. Likita ya tambaya ko yana cin abinci.

"Tas yake cinyewa," in ji Auta.

Baba ya ɗaga kai yana kallon fanka.

Su kuwa na cikin robar, an ce mata sai sun yi wata uku kafin su yi yawa. Sati shida kacal ta ja robar ta ji ta kamar an cika ta da jiƙaƙƙen yashi. Kuma sun fara sauti. In an kashe fanka, daga falo ana jin wani ɗan tsit-tsit mara yankewa, kamar mutum yana tauna da baki a rufe. Ta lura duk lokacin da sautin ya taso Baba yakan bar maganar da yake yi, ya karkata kunne.

Wata Laraba ta manta mabuɗin durowar magunguna a gida, ta dawo da tsakar rana. Ta buɗe ƙofa a hankali don kada ta tashe shi daga barci. Ba barci yake ba. Yana kicin zaune kan kujerar roba, ya jawo robar tsakiyar ɗaki, murfin a ƙasa, hasken taga ya faɗa cikinta sosai. Shinkafar da ta dafa masa da ƙwai tana ciki, ya baza ta da cokali. Hannunsa na dama yana kife a kan shinkafar. Tsutsotsin da ta sani da gudun haske sun fito fili, sun rufe masa yatsu, wasu sun hau har wurin agogo. Yana yi musu magana ƙasa-ƙasa, da muryar da yake lallashin jikokinsa.

"Baba."

Bai firgita ba. Ya zare hannun sannu a hankali, yana sauke su ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa.

"Tun yaushe kake ba su abincinka?"

"Nakan taɓa cokali biyu."

"Saboda me?"

Ya goge hannu a gwiwa. "Auta, ƙarshe dai wurinsu za ni. Mahaifiyarki ta je musu baƙuwa. Ni na ga gara mu san juna tun yanzu. Wanda ya ci abincinka ba ya yi maka garaje."

"Waɗannan ba su ba ne, Baba. Ɓawon ayaba suke ci."

"Duk dangi ne. Labari zai kai."

Ta rufe robar, ta mayar da ita cikin kabad. A kan matakala ta kira Yaya. Da fari dariya ya yi, da ya ji muryarta ya daina, ya ce ta zubar da su yau ɗin nan. Ta kasa. Abu mai rai ne, ita ta kawo su. Da yamma ta sayo kwaɗo ta garƙame kabad ɗin, ta jefa mabuɗin a jaka, ta shirya da abokiyar aikinta cewa ranar Asabar za ta mayar mata da kayanta.

Baba bai yi musu ba, bai kuma ci abinci ba. Alhamis ta tarar da kular yadda ta bar ta. Ta yi roƙo, ta yi fushi, ya sha rabin kofin shayi don ta ƙyale shi.

Ranar Juma'a tun daga bakin ƙofa wani wari mai tsami ya tare ta. Gidan shiru, babu wannan tsit-tsit ɗin. Kwaɗon yana nan a rufe. Amma daga ƙasan ƙofar kabad ɗin wani jan layi ya fito, faɗinsa ya kai tafin hannu. Inda rana ta bugi daɓen, waɗanda suka bi ta wurin sun bushe sun zama kamar zare. Sauran sun wuce. Ta bi su tana ɗaga ƙafa. Sun wuce ƙofar banɗaki da ke buɗe, daɓensa a jiƙe. Sun wuce ƙofar baranda inda tukwanen tumatir suke cike da ƙasa mai laima. Ko ɗaya bai ratse ba. Layin ya miƙe har ɗakin Baba, ya shige ta ƙasan ƙofa.

Ta daɗe riƙe da mariƙin kafin ta murɗa.

Yana zaune a tsakiyar gado, ya naɗe ƙafafu, shi da sai an ɗaga masa ƙafar nan kafin ya hau. Sandarsa na kan cinya, ya riƙe ta da hannu biyu. Sun kewaye ƙafafun gadon huɗu, sun cika silifas ɗinsa taf, suna motsi a hankali.

"Tun azahar," ya ce, kafin ta tambaya. Leɓensa ya bushe. "Ban kira su ba, Auta. Ban ce musu yanzu ba."

Ta ɗauko kwali ta jiƙa, ta durƙusa tana kwashe su tana zubawa a baho. Ta fi awa ɗaya tana yi. Bai sauke ƙafa ba sai da ta goge ɗakin sau biyu, ta leƙa ƙarƙashin gado da fitilar waya ta ce babu saura. Sannan ya tambaya, yana kallon bango, ko akwai abin da ya rage a kula. Bai bari ta ɗumama ba. A sanyinsa ya ci, har ya suɗe cokali.

Washegari abokiyar aikin ta leƙa robar ta toshe hanci. Ta ce ai ba abin mamaki, gishiri da mai sun lalata musu gida, ciki ya yi tsami ya ɗau zafi, dole su gudu.

"To me ya hana su shiga banɗaki?" in ji Auta.

"Tsutsa ido gare ta? Inda ta sa kai nan take bi."

Auta ta haɗa mata su duka, ta tafi da su.

Cikin sati biyu fuskar Baba ta fara cikowa. Ya koma tsokanarta kan yawan barkonon da take sa wa, ya ce a kawo masa jikokinsa su wuni. Wata rana ita da Baba suna cin abincin yamma abokiyar aikin ta kira. Ta ce ta canza musu shimfiɗa, ta ba su ɓawon kankana, sun ƙi taɓawa. Sun dunƙule wuri guda. Ko ta juya robar, kafin safe sun koma.

"Wane ɓangare?" in ji Auta, ta rage murya.

"Wajen ƙofar fita. Me ya sa?"

"Ba komai. Sai da safe."

Baba ya tambaya ko wane ne. Ta ce daga wurin aiki ne, ta ƙara masa dankali a faranti.