Wayar da Aka Tokare Taga da Ita

"To sake dannawa mana, Yaya."

"Sau nawa zan danna? Ga shi nan yana ta juyi kamar fanka. Ke kika gina shi, ke za ki gaya mini abin da ya same shi."

Auta ta karɓi wayar yayarta. Shafin ƙungiyar malamai ne, wanda ta yi shekara huɗu tana ginawa kafin ta koma wani kamfani. A nan irin su Yaya suke ɗora darussansu, wasu su sauke su shiga aji da su. Ta fara ƙirge a zuci. Sai da ta kai arba'in da ɗaya sannan wani abu ya fito, kuma abin da ya fito hoton sabon manaja ne, ya cika fuskar wayar, ya harɗe hannuwa yana murmushi. A ƙarƙashinsa bidiyon jawabinsa na ta fama ya buɗe.



A lokacinta doka ɗaya ce. Akwai tsohuwar waya mai fasasshen gilashi a durowar teburinta, duk shafin da bai buɗe a kanta ba kafin a ƙirga biyar, ba ya fita. Abokan aiki har tsokanarta suke, wai da ana auren waya da tuni an sha biki. Ita kuwa ta san irinta ce a hannun malamin da ke tsaye bayan aji, ya ɗaga hannu sama yana neman sabis. Ranar da za ta tafi da hannu biyu ta miƙa wa sabon manajan wayar, tana yi masa bayani.

Nan take ta kira shi. Ya ɗauka da fara'a, ya ce ai shafi ya zama na zamani, a kwamfutarsa kafin ya ƙifta ido ya buɗe. Ta tambaye shi tsohuwar wayar. Ya yi dariya, ya ce tana nan, da ita suke tokare tagar ofis. Masu ƙorafi kuma su kwantar da hankali, ya gano matsalar: tsofaffin darussa ne suka yi wa shafin nauyi, jibi za a goge su.

"Har da nawa?" Yaya ta tambaya a hankali.

Darasi ɗari biyu da wani abu. Da babban yatsa ta rubuta su, tsakanin aji da aji, kuma ba ta da kwafinsu ko'ina.

Auta ta jawo kwamfutarta, ta gwada tsohuwar kalmar sirrinta. Ta buɗe. Mutumin da ya sauya launi, ya sauya tambari, bai ma tuna ya sauya makulli ba. Ga hotonsa, ga inda ake gogewa, yatsanta har ƙaiƙayi yake.

"Kin bar aikin nan, Auta," in ji Yaya. "Kina taɓawa, gobe ke ce mai laifi, shi ne wanda aka zalunta."

Auta ta sake kallon murmushin nan. Sannan ta fita daga shafin, ta rufe kwamfutar da ƙarfi.

"Ara mini wayarki. Gobe da safe zan je gaban shugabannin ƙungiya. A kanta manajan zai buɗe shafin da hannunsa, ni kuma in tsaya ina ƙirgawa kowa na ji."