Babu Alade a Ciki

"Ticha, duba mini wannan. Akwai alade?"

Mahama ya miƙo gwangwanin yana murmushi da haƙoran da har yau ko ɗaya bai faɗi ba. Malam Falalu ya ajiye jaridarsa ta shekaranjiya, ya gyara tabarau. Shekara talatin ya yi yana koyarwa a Kotobabi, littattafan da ya karanta in aka jera su sun fi ƙofar ɗakinsa tsawo, kuma ga inda ilimin ya tsaya: shi ne mai duba wa gidan haya a Nima ko akwai alade.

Naman gwangwani ne, daga kwali guda da Gafaru, ɗan Mahama mai aikin jirgin ruwa, ya sauke musu daga Tema. An yanka saniyar a wata ƙasa can bayan teku. Wanda ya yanka, da shekarar da aka yanka, sai Allah. Falalu ya bi ƙananan rubutun har ƙasa. Nama. Gishiri. Sukari. Sai wani gishirin kuma mai dogon suna, wanda ke hana naman ruɓewa.

"Babu alade," in ji shi.

"Alhamdulillahi! Memuna, Ticha ya ce a ci!"

Bai ce a ci ba. Bai kuma gyara ba.

Wata uku ke nan da likita ya ce jinin Mahama ya hau, ya hana shi gishiri. Kowa a gidan ya sani, don matarsa Memuna ta mai da abin aikin yini. Takan taka har kasuwar Maamobi neman daddawa mai kyau, ta jiƙa busasshen kifi ta zubar da ruwan sau biyu, ta ɗanɗana miyar, ta kawo masa tsakar gida a kwano mai murfi, ta zauna tana kore masa ƙuda.

Falalu na ganin duk wannan daga kujerarsa. Tasa matar, Ƙaltume, ba ta taɓa buɗe gwangwani ba a rayuwarta, ko daddawa ita take dafa tata. Ta rasu tana da shekara arba'in da shida. Shi kuwa wannan ƙaton direban motar haya ta trotro, da ya ƙare ƙuruciyarsa yana tauna kitse a tasha, ga shi da mace mai hura masa miya. Shekara huɗu Falalu na cin waakye, shinkafa da waken 'yan talla, a ganye, a tsaye.

"Miyan nan kamar ruwan wanke hannu," in ji Mahama. Ya murɗa ɗan makullin gwangwanin, ya juye rabi a kan tuwo.

"Maigida, likita fa ya ce..."

"Likita ya ce gishiri. Kin ga na zuba gishiri? Abincin Bature ne wannan. Kin taɓa ganin Bature ya faɗi a hanya? Tambayi Ticha."

Memuna ba ta cin naman da ba ta ga mahaucinsa ba, don haka ba ta san ɗanɗanonsa ba. Ta juyo ta dubi Falalu. Kalma ɗaya ta isa. Ya ɗaga jaridar har ta rufe masa fuska. Bari ƙaton ya ci, ya ce a ransa, ai yana da mai jinya. Gobe sai in gaya mata.

Goben ta kai mako bakwai.

Ran Asabar da hantsi Mahama ya sunkuya a bakin famfo zai ɗauki bokiti, bai ɗago ba. Kwana shida a asibiti, aka dawo da shi ɓarin jikinsa ya mutu, baki ya karkace, harshe ba ya juyawa. Falalu ya shiga dubiya sau ɗaya. Ya tarar da Memuna na ba shi koko da cokali tana share masa haɓa da gefen mayafinta, kuma Allah shi ne shaida, ko a nan sai da Falalu ya ji ƙyashinsa.

Washegari ta zo ƙofarsa da gwangwani na ƙarshe.

"Ticha, a asibiti sun tambaye ni me yake ci. Na ce babu gishiri a tukunyata. Suka ce in duba abin da ba daga tukunyata ba." Ta miƙa masa. "Karanta mini. Duka."

Ya sa tabarau, ko da yake ba ya bukata, don ya san abin da ke rubuce.

"Nama."

"Na biyu?"

"Gishiri."

"Tun ranar farko yana wurin?"

"Ba a ƙara wa gwangwani rubutu, Mma Memuna." Ya ji bushewar muryarsa, sai ya ƙara: "Alade kawai aka tambaye ni."

Ta daɗe tana kallonsa.

"Haka ne," in ji ta. "Alade kawai muka tambaye ka."

Ta bar masa gwangwanin a hannu.

Mahama ya cika ran Alhamis kafin azahar. Falalu na sahun farko, ya kama makara, ya zuba ƙasa. Mutane suka yi ta cewa maƙwabci ke nan, Allah ya saka wa Ticha.

Bayan an watse daga zaman makoki, Memuna ta shiga takaba, gidan ya koma hayaniyarsa ta famfo da rediyo. Wata rana da la'asar Falalu ya ɗaga labule ya ga kwano mai murfi a bakin ƙofarsa. Ba sallama, ba saƙo. Hannunta bai saba auna na mutum ɗaya ba tukuna.

Ya shigar da shi, ya zauna a bakin gado, ya buɗe. Tuwon masara, miyar kuka, ƙamshin daddawa. Kwanon da ya yi shekara huɗu yana kallo daga nesa.

Ya kai loma ɗaya. Babu gishiri ko kaɗan.

Kwalbar gishirinsa na kan taga, kusa da gwangwanin da ba a buɗe ba, inda hannu zai kai ba sai ya tashi ba. Ya dube ta, ya gutsuri loma ta biyu.