Ranar da Na Tura Farfesa a Baro

Tayar baron ta faɗa rami a bakin kwata, Farfesa Junaidu ya riƙe gefen ƙarfen da hannu biyu. Na tsaya ina ba shi haƙuri.

"Tura, Malam Labaran," ya ce. "Ai itacenka ma ba ka lallaɓa shi haka."

Bai kai nauyin dami biyu ba. Mutumin da a da mota ke zuwa ɗaukarsa zuwa asibitin koyarwa na Shika, ga shi a baron da nake tallan itace, an shimfiɗa masa bargo, 'yarsa Bahijja na biye da mu da lema tana mita.

Ni na jawo. Tun da ciwo ya kwantar da shi, kullum da hantsi nakan tsallaka gidansa in ba shi labarin abin mamakin da na gani. Aji uku na yi a firamare, amma Allah ya ba ni ido. Na taɓa kai masa labarin kaza mai bin kyanwa, da na agogon masallaci da ya koma tafiya da baya. Yakan yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ran nan sai na ce masa 'yata Maijidda, da ta zo gida wankan jego, silifas ɗinta sun daina shigarta, nawa take sawa. Na zaci zai yi dariya. Sai ya tambaye ni kwana nawa da haihuwa, ko tana haki, ko tana iya kwanciya ba ta tara filo ba. Na ce a zaune take barci, kamar mai jiran mota. Ya ce a kai shi wajenta. Mai jego ba ta fita, shi ƙafa ba ta ɗaukarsa, lungunmu kuma mota ba ta shiga.

Mun tarar da matata Jannatu tana dama kunun kanwa, ga tukunyar wanka na tafasa da itacena. Farfesa ya gaishe ta, ya yi barka, sannan ya ce a kawo masa ƙafar Maijidda. Ya danna ƙwaurinta da babban yatsa, ya ɗauke. Wurin ya lotsa, ya ƙi tasowa. Muka tsaya muna kallon ramin nan.

Jannatu ta ce kumburin jego ne, ita ma ta yi, uwarta ma ta yi, zafi da kanwa ke saukar da shi. Bai yi mata musu ba. Ya ce shekara talatin ya yi yana bin gidajen masu jego daga Tudun Wada har Hanwa, yana rubuta waɗanda suka tashi da waɗanda ba su tashi ba.

"Hajiya, zuciyarta ce ta gaji. Kanwar nan ruwa take tara mata. Ki ba ni aron 'yarki kwana bakwai, in ban dawo miki da ita ba ki kai ƙarata."

"Wajen wa zan kai ƙararka, kai da ke cikin baro?"

Ta faɗa tana share ido da bakin zane, amma ta sauke tukunyar. Ya rubuta 'yar takarda a kan gwiwarsa, ya ce a miƙa wa kowane likita aka samu. Aka kira keke mai ƙafa uku bakin lungu, aka kai ta asibiti. Bahijja ta ba ni labari daga baya cewa likitar da ta karɓi takardar ta gane rubutun tun kafin ta kai ga sunan.

A hanyar komawa ya tambaye ni ko na ga abin mamaki yau. Na ce na ga farfesa a baro. Ya ce to in ajiye wannan, kada in ba kowa sai shi.

Kwana biyar bayan nan ya rasu, ranar Laraba bayan la'asar. Lungunmu bai taɓa ganin takalma irin na zaman makokin nan ba. Wani mai tabarau daga harabar jami'a ta Kongo ya ce an ambaci rubuce-rubucensa sau dubbai a ƙasashen duniya. Na yi ta tunanin yadda ake kiran sunan maƙwabcina a garuruwan da ban san sunansu ba, shi kuwa yana nan yana sauraron labarin kaza.

An sallamo Maijidda ranar sadakar uku. Ta sauko daga keke da jaririnta, da silifas ɗinta a ƙafa. A tsakar gida na durƙusa na danna ƙwaurinta yadda na ga ya yi. Naman ya biyo yatsana ya taso.

Da hantsi na tsallaka in faɗa masa, sai a bakin ƙofa na tuna. Bahijja ta ce in shiga, ba komai. An kwashe magunguna, an buɗe taga. Katifar tana nan inda take, da ɗan gurbin da ya bari a tsakiyarta, bai taso ba tukuna.