Tayin Ƙarya a Ruwan Gizo

Duk Talata Mafara an san Lukman mahauci ne na kirki, amma an san shi da wata cuta: idonsa ba ya ganin kyan abu sai wani ya riga shi gani. Ranar Talata in ya shiga kara sayen shanu, ko saniya ta fi ta kowa cika, sai ya zagaya ta yana taɓe baki ya wuce. Amma bari wani ya dafa bayanta ya taya! Nan take za ka ga Lukman ya dawo yana huci, wai shi tun safe ita ya gani. Dillalai sun gane shi sarai. Sai su turo ɗan'uwansu ya yi tayin ƙarya, gogan naka ya afka.

Yayarsa Ummukulsum, mai aure a Bakura, ba ruwanta da shanu. Abin da ke ci mata rai shi ne halin nan ya bi shi har wurin Surayya, aminiyarta 'yar Ruwan Gizo, mai ɗinki, mai hankali. Ita ta haɗa su, don burinta ke nan ta ga Surayya matar ƙanenta. Lukman ya je zance ya dawo baki har kunne. Washegari ya zauna cikin mahauta, abokinsa Gajere ya ce, "Surayya? Ni dai ban taɓa ganin babur ɗin saurayi ƙofar gidansu ba. Akwai dalili."

Shi ke nan fa, ƙafar Lukman ta ɗauke.

Ummukulsum ta zo gida ta tsare shi. "Mi ɗiyar mutane ta yi maka?"

"Ba komai, Yaya. Ina dai nazari."

"Kana son ta ko ba ka so?"

"Ina so mana. Amma Gajere ya ce..."

"Gajere! Gajeren da mata ke sauya hanya in sun hango shi? Shi ne malaminka?"

Lukman ya sosa ƙeya. Haushi ya cika ta har wuya. Wallahi da yana ƙarami da ta ja masa kunne.

A hanyar komawa Bakura dabara ta faɗo mata. Tunda dillalai sun san maganinsa, ita ma 'yar gidan fawa ce. Ta kira Nazir, ƙanen mijinta, manomin shinkafa, abokin tsokanarta.

"Aiki zan ba ka. Ka je Ruwan Gizo ka jingine babur ƙofar gidan su Surayya inda kowa zai gani, ka gaisa da ita ka dawo. Ranar kasuwa kuma ka tsaya teburin Gajere ka yabe ta da ƙarfi."

Nazir ya yi dariya. "Matar Yaya, dillanci kika koma?"

"Kai dai yi abin da na ce."

Ya yi, har ya wuce yadda aka ce. Ya yabi kunyar Surayya, ya yabi ɗinkinta, ya yabi yadda take gaisuwa. Gajere ya gyara zama ya ce ai shi dama ya san yarinyar nan ba ta da na biyu. Kai, jama'a! Kafin la'asar duk layin mahauta ya ɗauka. Da Lukman ya ji, ya je ya wanke babur, ya ba da ɗinkin sabon yadi, wai ba zai koma ba sai ya fito tsaf.

Abin da Ummukulsum ta manta shi ne babur ba Lukman kaɗai ke ganinsa ba. Matan Ruwan Gizo suka yi ta shiga gidan su Surayya suna mata barka da manomin Bakura, har Surayya ta fara zura ido hanya. Wani kawun Nazir kuma ya wuce ya gane babur ɗin, ya kai wa tsohonsu labari. Tsoho, wanda ya gaji da zaman gwaurancin ɗansa, bai tsaya tambayar kowa ba, ya tura manya da goro. Aka karɓa.

Ummukulsum ta tare Nazir a zaure. "Tayin ƙarya na ce ka yi!"

Ya sunkuyar da kai. "Awo, haka kika ce. Amma na yi ta yabonta, mutane na cewa gaskiya ne, har na ji ni ma na yarda. Yanzu ina son ta."

Ta kira Surayya a waya. Surayya ta ce a hankali, "Ummu, na jira ƙanenki har na ji kunya. Wanga shi ya zo."

Lukman ya iso Bakura cikin sabon yadinsa, ido jajur. "Yaya, ki yi wani abu. Ni na fara ganinta!"

"Ka fara gani, sai ka yi mi? Nan ba kara ba ne da za ka ƙara a kan tayin wani. An karɓi goro, kuma ba a nema a kan neman wani, ka sani."

Ta so ta zage shi, ta so ta zagi kanta, ta rasa da wa za ta fara.

Da biki ya matso, surukanta suka ce tunda suna da mahauci a dangi, Lukman ya zaɓo musu san da za a yanka na walima. Mijinta, wanda ya raka shi kara, ya dawo yana mamaki. Wai suna shiga Lukman ya nufi wani sa da ke ɗaure can gefe, ba kowa kusa da shi. Gajere na kiransa ya zo ya ga wani, ko waiwaye bai yi ba. Ya dafa san ya ce, "Wanga nake so."

"Kuma wallahi babu kamarsa a kasuwar," in ji mijin.

Ummukulsum ta ajiye tsintsiyar hannunta ta zauna bakin ƙofa.

"Sai yanzu," ta ce, hawaye na zubo mata. "Sakarai, sai yanzu."