Malama Asama'u Ta Koma Aji

Allin ya kai daidai kafaɗarta ya tsaya. Malama Asama'u ta cije leɓe ta sake yunƙurin ɗaga hannun, sai ta ji kamar an ja wata igiya daga hammatarta zuwa tsakiyar ƙirji. Ta sauke shi a hankali. Yaran aji huɗu, su sittin da ɗoriya, suna zaune a kan tabarmi suna jiran ta rubuta kwanan wata a saman allo, inda ta saba rubuta shi shekara goma sha bakwai. Ta sunkuya ta rubuta shi can ƙasa, kusa da inda baƙin fentin ya ƙare.

Kwana ashirin da shida ke nan da yi mata aiki a wani asibiti a Kano. An cire mata nonon dama saboda ciwon daji, aka kuma kwashe kaluluwar hammata. Likita ta ce ta yi sati shida aƙalla kafin ta koma aiki, kada ta ɗauki abin da ya fi buta nauyi. Ta yi niyyar bin maganar. Amma shekaranjiya hedimasta, Malam Sha'aban, ya kira ta ya ce yau masu tantance ma'aikata za su zo daga Ɗambatta, kuma duk wanda ba su gani da ido ba za a sa sunansa cikin na bogi.

Mijinta Hamisu bai so ba. Ya ce gero ya nuna, ba za su kwana da yunwa ba. Ta ce albashin ne ke sayen magani. Da safe ya goyo ta a babur suka ratso ta cikin gonaki, yana taka burki a kowane rami, ita kuma tana rungume da hannun a ƙarƙashin hijabi. Ta naɗe tsohon ɗankwali ta cusa a rigarta, gefen da babu komai. A makarantar kowa ya ɗauka ƙurji aka tsaga mata, don haka ta faɗa, haka kuma ta sa Hamisu ya riƙa faɗa wa masu dubiya.

Ta fara darasin rabawa. Ba ta yi layi uku ba wata yarinya, Bilki, ta ce daga baya, “Malama, ba ma gani, kawunan na gaba sun tare.” Ta sa na gaba suka duƙa, na baya suka miƙe, ajin ya kaure da hayaniya. Cikin haka ta manta, ta ɗauki tsumma ta kai hannu sama za ta goge wani tsohon rubutu. Wani abu ya saki a jikinta. Ta ji ɗumi yana gangarowa ta haƙarƙarinta. Ta dafa tebur, ta ce kowa ya kwafi abin da yake iya gani.

Da aka fita tara, Fauziyya, malamar aji biyu da ba ta daɗe da fara aiki ba, ta hango tabo a hijabin. Ta ja ta zuwa ɗakin ajiyar littattafai ta tura ƙofa. Da ta ɗage rigar, ɗankwalin ya faɗo ƙasa. Ƙarshen ɗinkin ya buɗe kamar tsawon gaɓar yatsa. Fauziyya ta daɗe tana kallon wurin, sannan ta tsince ɗankwalin ta kakkaɓe shi.

“Yaya, me ya sa kika fito?”

“Ki danne min da auduga kawai. Su zo su gan ni, in tafi.”

Auduga kaɗai ce a akwatin maganin makarantar. Da ita suka tare wurin.

Ta koma aji ta zauna a kujera, tana faɗar lissafin da baki. Duk ƙarar injin da ta ji sai ta leƙa taga, ta ga ashe babur ne ɗauke da buhunan gyaɗa. Hannun ya kumbura har zobenta ya matse. Ana gab da azahar aka tashi yara, malamai suka taru a ƙarƙashin darbejiya, kowa da takardunsa a leda. Can Malam Sha'aban ya fito da waya a hannu ya ce an ɗage tantancewar zuwa Talata.

Ranar Talatar aka ba ta a asibiti don fara ƙarin ruwan maganin da zai kashe ragowar cutar. An gaya mata wanda ya rasa ranarsa sai ya sake bin layi. Ta bi hedimasta ofis ta ce masa ranar tana Kano.

“To Malama, me zan ce musu? Ƙurji dai ba zai hana mutum zuwa ba.”

“Ba ƙurji ba ne, Malam. Daji ne. Nonon aka cire.”

Ya sunkuyar da kai yana salati. Ya jawo takarda zai rubuta mata uzuri, ya sa adireshi da sallama, ya zo kan dalili ya tsaya. Ya juya biron a hannunsa, daga bisani ya tura mata takardar ba tare da ya dube ta ba. Ta rubuta da kanta, a fili, da sunan cutar da ranar aikin, ta sa hannu. Ya buga hatimi, ya ce in Allah Ya yarda da kansa zai miƙa ta, ta kwantar da hankalinta.

Da ya jawo aljihun tebur zai saka ta, ta hango wata takardar uzurin a ciki, gefenta ya fara yin ja. Ta gane rubutun. Na Malam Yahya ne, malamin Larabci, wanda aka cire sunansa bara yana kwance da shanyewar ɓarin jiki. Hatimin yana jikinta, ba ta taɓa barin ofishin ba.

Malam Sha'aban ya ɗora tata a kai ya mayar da aljihun.