Allon da Ke Ƙasan Akwati

Takarda uku Altine ta tara kafin a yarda ta bar Bahiya, garin Turawan Fotugis da ke bayan teku, kuma babu ko ɗaya da ta iya karantawa. Ta farko takardar 'yancinta ce, wadda sai da Altine ta sha hayaƙin suyar ƙosai shekara da shekaru kafin ta fanshi kanta ta karɓa. Ta biyu fasfo ne daga hannun 'yan sanda, inda wani magatakarda ya ƙare mata kallo ya rubuta tsawonta da tsagar fuskarta da haƙorin da ya fita. Ta uku jerin kayan gidanta ne, wanda gidan kwastan ya ce dole a kawo, abu bayan abu: tukwane biyu, turmi da taɓarya, tabarma, kaskon suya, akwatin tufafi. Mutanen nan da suka kawo ta ƙasarsu tsirara ba su nemi takarda ba, amma yau da za ta fita da tsohon turmi sai da hatimi.

Abu ɗaya ne bai shiga jerin ba, allon mijinta.

Malam Isma'ila ya rasu bara. Auren tsufa suka yi, shekara huɗu kacal, shi ɗan dako, ita mai ƙosai. Shi da girmansa aka kamo shi daga ƙasar Zazzau, ya bar mata da ɗa. Ita kuwa tana ƙarama aka sato ta, ba ta riƙe komai na gida ba sai harshe da wata rijiya mai bakin dutse. Kullum "garinmu" yake cewa, ita kuma ba ta taɓa tambayar sunan garin ba, don ba ta da nata da za ta faɗa masa. Ɗan nasa na fari ne, don haka kunya ba ta barin ya kama sunansa, sai dai ya ce "yaron". Da ciwo ya tsananta ya so ya yi mata bayani, ta toshe kunne ta ce ya bari sai ya warke. Sai ya jiƙa tawada ya rubuta komai a allo da ajami: zangon da ake bi daga Ikko, inda jirgi zai sauke ta, sunan garin, sunan mahaifinsa, sunan yaron. Ya ce in Allah ya kai ta, ta miƙa wa kowane malami a zangon fatake ya karanta mata, ta je ta gaya wa yaron ubansa ya cika da kalmar shahada, danginsa kuma za su ba ta ɗaki.

Duk tafiyar a kan allon nan ta rataya. In babu shi, ba ta da ƙofar da za ta yi sallama a duk faɗin Afirka.

Sai dai shekara goma sha ɗaya ke nan da tawayen watan azumi, lokacin da Musulmin garin suka fito da fararen riguna aka karkashe su a titi, kuma har yau Turawan Bahiya in suka ga harafin Larabci jikinsu rawa yake yi. A makon jiya wata Uwani, mai wanki, ta je kwastan da kayanta, aka tsinci laya a gindin kwandonta. Aka karɓe fasfonta, aka wuce da ita wurin 'yan sanda, jirgi ya tashi ya bar ta. Altine ta ji labarin a wurin masu ɗiban ruwa, da Yarbanci, don yanzu a unguwar ko Bahaushe in zai sayi gishiri Yarbanci yake yi.

Dabara ɗaya ta rage mata, a karanta mata ta haddace, ta wanke allon. Amma wa zai karanta? Malaman da ta sani an kora wasu, wasu sun mutu, ɗaya ya koma zuwa coci yana kau da kai in ya gan ta. Saura Malam Sulaimanu, tsohon ɗan dako abokin mijinta, wanda kowa ya san an yi masa bulala ɗari huɗu a shekarar tawaye saboda takardar da aka samu a wuyansa. Shi ta yi wa magana ya sauke mata kaya zuwa ƙasan gari, inda gidan kwastan yake, ranar Alhamis.

Ya zo da hantsi. Ta rufe ƙofa, ta tono allon daga cikin zannuwa, ta ɗora masa a cinya.

"Malam, karanta mini a hankali. Sau uku ya ishe ni, kaina bai mutu ba."

Sulaimanu ya riƙe allon da hannu biyu. Ya shafa gefensa, ya matso da shi, ya nisanta shi. Ta zaci ido ne, ta tashi za ta buɗe taga, ya ce ta zauna.

"Altine, ni ban iya karatu ba."

"Haba Malam, ba lokacin wasa ba ne."

"Wallahi ban iya ba. Fatiha da ƙananan surori da ka na riƙe su. Takardar da aka dake ni a kanta, mijinki ne ya rubuta mini, har yau ban san abin da ke ciki ba. Da na fito daga hannunsu mutane suka fara ce mini malam, na ji kunyar in ƙaryata, don sunan ne kaɗai na samu a bulalar."

Ta dube shi, haushi ya turnuƙe ta, sannan tausayi ya danne haushin. Tsoho ne mai farin gemu, yana zaune kamar yaron da ya fasa tulu. Ta karɓi allon daga hannunsa.

"Ki bar mini shi," ya ce. "Zan ɓoye. Wata rana wani mai karatu ya zo..."

"Ya zo ya karanta wa wa? Ni ina bayan teku."

Ya fita ya fara ɗaure turmi da igiya, ya bar ta ita kaɗai a ɗakin da babu komai sai akwati da ɗan tarkace. Ta yi tunanin ta ɗaura allon a bayanta ƙarƙashin zane, ta tuna an ce har jiki suke lalubawa. Ta yi tunanin ta fasa tafiyar, ta tuna fasfon kwana kaɗan ya rage masa, kuma mai ɗakin ya riga ya ba wani. Ta dubi layukan nan baƙaƙe, tara ne, ta san adadinsu kamar yatsunta, ta san inda alƙalamin ya karkace da tari ya kama mai rubutun. Wanne ne sunan garin, wanne ne yaron, ba ta sani ba.

Rubutun malami ba a zubar da shi a ƙasa. Ta ɗauko ƙwarya, ta tsiyaya ruwa a kan allon, ta goga da tafin hannu. Tawadar ta yi taurin kai da farko, sannan ta saki. Ruwan ya yi baƙi. Ta yi bismillah ta shanye, yana ɗan ɗaci da ɗanɗanon ƙaro, ta ƙara ruwa ta ɗauraye ƙwaryar ta sake sha. Sannan ta kankare allon da toka har ya yi fari, ta mayar da shi ƙasan akwati ta kulle. Ba ta yi kuka ba, amma ta ji maraicin da ba ta ji ba ko ranar da aka binne mijinta.

Suka gangara daga tudun unguwarsu, Sulaimanu a gaba da turmi a ka, wasu 'yan dako biyu da akwati a sanda, ita a baya da tukwane. A ƙasan gari warin taba da man ja ya cika ko'ina. Gidan kwastan babban ɗakin ajiya ne mai zafi, mutane sun yi layi da ƙunshinsu, kowa da takardunsa a hannu. Sai da rana ta take tsaka layi ya zo kanta.

Ma'aikacin saurayi ne mai gumi a wuya, yana ta leƙen ƙofa inda abokansa ke kiransa cin abinci. Ya karɓi takardun, ya dubi fasfo, ya dubi tsagarta. Ya bi jerin da yatsa, ya shuri turmin da takalmi, ya ƙwanƙwasa murfin akwatin sau ɗaya. Sannan ya ja masa alama da alli, ya buga hatimi, ya miƙa mata takardunta yana kiran na baya.

Altine ta tsaya. "Ba za ka buɗe ba?" ta ce da Fotugis ɗinta na kasuwa.

Ya yi mata alama da hannu ta wuce.

Sulaimanu ya ja gefen mayafinta. "Altine, mu tafi. An sallame ki."

Ta fizge. Ta durƙusa a gaban teburin, ta kwance makulli daga bakin zaninta, ta buɗe akwatin da kanta. Ta watsar da zannuwan a ƙasa har ta kai ga allon, ta miƙe ta ɗaga shi dab da fuskar saurayin.

"Duba," ta ce. "Ka duba mana."

Ya ɗan ja da baya, ya karɓi allon, ya dubi gabansa, ya juya ya dubi bayansa, ya mayar mata.

"Katako ne, tsohuwa," ya ce. "Ba ruwanmu da katako. Kwashe kayanki, kin tare hanya."